GARA A GIDAN DA AKE CINIKI: ABIN DA MAI SAYE ZAI DUBA DA HAƘƘIN DA SHARI'A TA BA SHI

  

Ya ku ƴan uwa, darasinmu na wannan fitowa yana cikin babin ciniki ne. Ya shafi mutumin da ya yi shekara da shekaru yana tari, daga albashi ko kasuwa ko cin rani a Kano da Kwatano, domin ya fita daga haya ya mallaki gidan kansa na farko. Dillali ya kai shi, mai gida ya faɗi kuɗi, magana ta yi nisa, sai ya gano akwai gara a ginin. Irin wannan mutum yakan faɗa cikin ɗayan hali biyu. Ko dai ya firgita ya bar gida mai kyau saboda ɗan layin ƙasa da ya gani a bango, ko kuwa ɗoki da jin nauyi su rufe masa baki ya biya, damina ta zo rufi ya rufta a kan iyalinsa. Saboda haka za mu fara da sanin ita garar, sa'an nan mu koma ga hukunci, domin ba a yanke hukunci a kan abin da ba a san siffarsa ba.

HALITTAR GARA

Gara ba tururuwa ba ce, ko da yake zamansu ya yi kama. Masana halittu sun tabbatar cewa danginta na kusa su ne kyankyasai, kuma an ƙidaya kusan iri 3000 nata a duniya. Abincinta shi ne busasshen tsiro: itace, kara, ciyawa, zana, takarda, tufafin auduga. Wadda ta fi damun gidajenmu a ƙarƙashin ƙasa take zaune. Jikin ma'aikatanta taushi gare shi, ba su gani, kuma iska da rana suna busar da su nan da nan. Wannan ne ya sa ba sa tafiya a fili. Sai su gina rufaffiyar hanya ta ƙasa a jikin bango, su bi ta ciki har su kai ga itace, su cinye cikinsa su bar bayansa sumul kamar babu abin da ya same shi. Masu manyan kai da muke kira zago su ne masu tsaro. Uwar garar da ke cikin babban suri tana iya yin ƙwai dubbai a yini guda, kuma tana rayuwa shekaru masu yawa. Shingen da ke fitowa bayan ruwan farko ya taru a fitila, shi ne iri mai fita neman kafa sabon gida. Yana sauka sai ya zubar da fukafukansa ya shige ƙasa.

An ambaci wannan halitta a cikin Alƙur'ani, a Suratu Saba'i aya ta 14, inda ta ci sandar Annabi Sulaimanu (A.S.) har aljannu suka gane ya riga ya rasu, malaman tafsiri sun fassara dabbar ƙasar da aka ambata a wurin da cewa gara ce. Masu tarihin Annabi (S.A.W.) kuma sun kawo cewa ita ce ta cinye takardar ƙauracewa da Ƙuraishawa suka rataye a cikin Ka'aba, ba ta bar kome ba sai sunan Allah. A gona kuwa abokiyar aiki ce. Manoman ƙasar Tawa, musamman wajen Illela, da suka rungumi haƙa ramukan tasa tun ƙarshen shekarun 1980, sun san cewa takin da suke zubawa a ramin shi ke jawo gara, ita kuma ta huda fako ruwa ya samu hanyar shiga. Mun kawo wannan ne domin wasu, da zarar sun ga gara a ɗaki, sai su ce sammu ne aka yi wa gidan, su nufi wajen boka. Ba sammu ba ne. Danshi ne da itace suka haɗu da ƙasa.

YADDA AKE DUBA GIDA

Kada mai saye ya dogara ga idonsa kaɗai, kada kuma ya dogara ga maginin da dillali ya kawo. Ya nemo nasa magini da kafinta waɗanda ya yarda da amanarsu, ya biya su ladan yininsu, su je da rana tsaka, da fitila da sanda da wuƙa mai tsini.

A ginin ƙasa, rufi ne abin tsoro. A ƙwanƙwasa azara ɗaya bayan ɗaya: lafiyayya tana amsawa da ƙarfi, wadda aka cinye kuwa sai a ji ta kamar ganga. A soka wuƙa a daidai inda kan azara ya shiga bango, domin ta nan gara take farawa, kuma nan ne nauyin rufin yake. Azarar giginya ta ƙwarai, irin wadda aka san Dallol Mawri na ƙasar Gaya da ita, gara ba ta cika iya ta ba, muddin daga ɓangaren waje mai baƙi da tauri aka tsaga ta. Amma cikin giginya taushi gare shi, kuma gidaje da yawa da itacen da aka samu kawai aka rufe su, a lulluɓe da zana. A hau soron a duba ko ya lotsa a tsakiya, ko akwai gurbin da ruwa yake kwantawa. Rufin ƙasa nauyi gare shi ainun, yana ƙara nauyi in ya sha ruwa, shi ya sa mafi yawan ruftawa cikin watan Agusta take faruwa.

A ginin siminti kuwa, gaskiya ne gara ba ta cin siminti, amma tsaga mai faɗin milimita 1 ko 2 ta ishe ta wucewa, kuma ramukan da ke cikin bulo hanya ce a gare ta wadda ido ba ya gani. Sai a duba katakon da ke ɗauke da kwano, da silin, da katakon ƙofofi da tagogi daga ƙasa. A ja kabad da gado daga bango a leƙa bayansu. A bi duk inda ruwa yake: wurin wanka, gindin randa, famfo mai zuba, kwata, da inda indararo ke zubar da ruwa a gindin bango. A duba kututturen itacen da aka sare aka bari a tsakar gida. Rashin ganin suri a cikin gidan ba hujja ba ne, domin hanyoyinta a ƙarƙashin ƙasa suna kai mita gommai, wasu irin ma ba sa gina suri sam.

In an ga hanyar ƙasa a bango, a karya tsakiyarta misalin tsawon yatsa. In fararen ƙwari sun bayyana, magana ta ƙare. In babu kome, a dawo bayan kwana uku ko huɗu. In an tarar an ɗinke wurin, tana nan da ranta. In kuwa an ga ƙananan huji zagayayyu a itace da gari mai laushi yana zubowa, wannan aikin wani ƙwaro ne dabam mai huda itace, maganinsa ma dabam.

Akwai kuma alamar da ba gara ce ta bar ta ba, mutum ne: sabon yaɓe a kusurwa guda cikin tsohon ɗaki, sabon fenti a bango ɗaya, sabon silin a gidan da ba a gyara kome nasa ba. Wannan ba ya nufin lalle an yi ha'inci, amma ya isa a yi tambaya a gaban shaidu. A tambayi maƙwabta, a tambayi wanda ya yi haya a gidan. A ƙasar Faransa, dokar 8 ga Yuni 1999 ta wajabta wa mai sayar da gida a yankunan da aka san da gara ya kawo takardar binciken gwani kafin a ƙulla ciniki. A namu garuruwan, inda cinikin gida yakan tsaya a kan dillali da amana, mai saye ne zai yi wa kansa wannan aiki.

IDAN AN GANO KAFIN A ƘULLA CINIKI

Wannan shi ne mafi sauƙi. Muddin ba a ce "na sayar" da "na saya" ba, mai saye yana da ikon janyewa, ko ya nemi ragi gwargwadon kuɗin gyara, ko ya sharɗanta a gyara tukuna. Sai dai ya sani, in ya ga aibin da idonsa kuma ya saya a haka, ba shi da bakin dawowa daga baya a kan abin da ya gani.

Shari'a ta buɗe wata ƙofa wadda mutanenmu ba su cika shiga ba, watau ciniki bisa sharaɗin zaɓi. A mazhabar Imamu Malik, mai sayen gida yana iya sharɗanta misalin wata guda domin ya bincika ya yi shawara, in ya yarda ciniki ya tabbata, in bai yarda ba ya warware. Malamai sun ba gida lokaci mafi tsawo a kan dabba ko tufa, saboda sanin ginshiƙansa da maƙwabtansa ba aikin yini ɗaya ba ne. A cikin wannan lokaci bai halatta a sharɗanta biyan kuɗin ba, kuma mai saye ba ya tarewa a gidan kyauta. Wata guda ya ishi a gwada hanyar gara sau biyu ko uku. A tuna kuma, a wannan mazhaba ciniki yana tabbata da furuci ne, ba a jiran sai an tashi daga majalisi. Wanda yake son zaɓi sai ya faɗa tun kafin a rufe magana, a rubuta.

Game da kafin alƙalami: in an ba da shi bisa cewa in mai saye ya fasa mai gida ya cinye, Malikawa sun hana wannan, ko da yake Hambalawa sun halatta. In kuwa bisa cewa za a mayar masa in ciniki bai yiwu ba, babu laifi.

WAJIBIN MAI SAYARWA DA DILLALI

Imamu Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya wuce wani mai sayar da abinci, ya sa hannunsa cikin tsibin ya ji danshi a ƙasa, ya tuhume shi a kan me ya hana shi sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, ya kuma nisanta mai algus daga gare shi. Wanda ya shafe hanyar gara da yaɓe ranar da za a zo duba gida, shi da mai wancan tsibi aikinsu ɗaya. Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 ta Hijira, ya lissafa ɓoye aibi cikin abubuwan da ba su halatta a ciniki ba a littafinsa Risala, har da ɓoye duk abin da faɗinsa zai rage kuɗin kaya.

Faɗin ma yana da ƙa'ida. Shehu Halilu ya nuna a Muhtasar cewa wanda ya san aibi sai ya siffanta shi ko ya nuna shi, ba ya dunƙule magana. Mai gidan da ya san azarar ɗaki biyu ta zama hoto, sa'an nan ya ce, "To, gara kam wane gida ne babu ita?", bai sauke nauyi ba. Haka nan kalmar nan da ta zama ruwan dare, "na sayar maka kamar yadda ka gan shi, babu ruwana da abin da ya fito," a mashhurin mazhabar Malik ba ta kuɓutar da mai sayar da gida. Hanafawa sun karɓi irin wannan sharaɗi ta fuskar hukunci, amma babu malamin da ya halatta wa mutum ya san aibi ya ɓoye. Dillalin da ya sani ya yi shiru domin kada la'adarsa ta kuɓuce, abokin tarayya ne a cikin laifin.

IDAN AN GANO BAYAN AN BIYA

Nan ne ake yawan rigima, kuma nan ne malamanmu suka yi bayani mai zurfi. A sauran kaya, tsohon aibin da ke rage kuɗi yana ba mai saye zaɓi tsakanin mayarwa da riƙewa. Amma gida da fili an ware musu hukunci, domin babu ginin da ya kuɓuta daga ɗan aibi, kuma aibin gini yana gyaruwa. Alƙali Ibnu Asim na Garnaɗa, wanda ya rasu a 829 ta Hijira, ya kasa aibin gida kashi uku a cikin Tuhfatul Hukkam. Wanda bai taɓa kuɗin gidan ba, kamar gara ta ci katakon taga guda, ba a mayar da gida saboda shi, ba a kuma biyan kome. Wanda ya rage kuɗin amma bai kai sulusi ba, mai saye zai riƙe gidan a mayar masa da kimar aibin. Wanda ya kai sulusi ko ya haura, yana da ikon mayar da gidan ya karɓi kuɗinsa. Malamai sun yi saɓani a kan wannan iyaka, wasu sun ce rubu'i, wasu ƙasa da haka, amma sulusi ne aka fi aiki da shi. Aibin da ake tsoron gini zai faɗi saboda shi yana cikin babba.

Ga yadda ake lissafin kimar aibi, domin mutane suna kuskure a nan. Mu ƙaddara an sayi gida sefa miliyan 9. Masana suka ce a ranar ciniki, in lafiyayye ne ya kai miliyan 10, da wannan ɓarna kuwa miliyan 8. Abin da ya ragu kashi ɗaya ne cikin biyar. To, ba miliyan 2 za a mayar wa mai saye ba. Kashi ɗaya cikin biyar na abin da ya biya za a ba shi, watau 1.800.000. In da sun ce da ɓarnar bai wuce miliyan 6 da rabi ba, ragin ya haura sulusi ke nan, sai ya zaɓa: ya mayar ya karɓi miliyan 9 ɗinsa, ko ya riƙe a haka. Ba ya tilasta wa mai gida ragi a wannan hali, amma in sun yi sulhu a kan wani adadi da yardarsu, ya halatta, kuma sau da yawa shi ya fi wa mai sayen gidan farko, wanda ba shi da inda zai koma.

Sharaɗi ne aibin ya kasance ya riga ciniki. In mai sayarwa ya yi musu ya ce bayan ciniki ta shiga, asali maganarsa ake kamawa, sai in masana sun shaida wa mai saye. Su ne magina da kafintoci, kuma malamai sun karɓi maganarsu a nan ko ba su kai matsayin adalan shaidu ba in ba a samu adalai ba. Gara ba ta mayar da azarar ɗaki hoto cikin mako biyu. Gwani yana rarrabe tsohuwar ɓarna da sabuwa.

Mai sayarwa zai iya kafa hujja da wata mas'ala ta Muhtasar, cewa aibin da ba a iya saninsa sai an fasa abu, kamar ƙwaron da ke cikin itace, ba a mayarwa saboda shi kuma ba a biyan kima. A ganinmu wannan yana magana ne a kan abin da mai saye da mai sayarwa suka yi daidai wajen jahiltarsa. Gara kuwa tana barin alama ga wanda ya yi damina a gidan: ya share hanyarta, ya kwashe fukafukan shinge, wataƙila ma ta ci masa tabarma. In aka tabbatar ya sani ya rufe, ya zama mai yaudara, wannan mas'ala ba ta kare shi. Inda aka rasa tabbaci, alƙali ne zai duba, da rantsuwa.

Sai mai saye ya kiyaye abu biyu. Kada ya yi shiru. Malamai sun ce in ya ga aibi ya yi shiru misalin yini ba da uzuri ba, sai ya rantse cewa bai yarda ba. In shirun ya yi tsawo, an ɗauke shi ya yarda. Ranar da ya gani, ya kira shaidu biyu su gani, ya ɗauki hoto, ya sanar da mai gida da dillali. Kuma kada ya fara rushewa da gini, ko ya sa gidan a kasuwa, kafin a daidaita, domin wannan alamar yarda ce. Amma ci gaba da zama a gidan lokacin da ake shari'a ba ya zubar masa da haƙƙi, kuma ba a bin sa kuɗin haya na kwanakin da ya zauna. In rufi yana barazana, ya fitar da iyali daga ɗakin ya tokare shi a gaban shaidu. Dokar ƙasa ma, a babin ciniki na kundin da aka gada daga Faransa, ta ɗora wa mai sayarwa lamunin ɓoyayyen aibi, ta kuma nemi a kai ƙara ba da jinkiri ba.

IDAN AN RIƘE GIDAN

Kashe gara mai ɓarna halal ne. Hanin da ya zo a hadisi a kan tururuwa ne, kuma ko ita mai Risala ya ce babu laifi a kashe ta in ta cutar. Abin da muke hana ƴan uwa shi ne zuba fetur a rami a kunna wuta: an ƙi kashe ƙwari da wuta, kuma ta haka ake ƙona gidan da ake son ceto.

Gyara yana farawa da ruwa. A toshe famfo mai zuba, a tsawaita indararo, a karkata kwata nesa da bango, a tone kututture, a ɗauke itacen girki da kara daga jikin gini. A cire duk itacen da aka ci, a maye shi da azarar ƙwarai ko ƙarfe ko katakon da aka jiƙa da magani. Wanda zai sāke rufi gaba ɗaya yana iya tambayar maginan da suka koyi gini marar itace, na baka da ƙubba da tubalin ƙasa, wanda aka fara yaɗawa a Nijar tun shekarun 1980. Fesa maganin sauro ko zuba toka da kananzir a kan hanyarta yana kashe na fili ne kawai, sauran su sake hanya. Tone suri a fitar da uwar yana amfani in daga nan take zuwa, amma ba kullum ba.

Maganin da ke aiki shi ne wanda ake zubawa a ramin da aka haƙa kewaye da gindin gini, irin su fipronil da imidacloprid, waɗanda gara ba ta jin su, ta ratsa ta kwasa ta kai wa ƴan uwanta. Gwani ne zai yi wannan aiki, da maganin da kwamitin tantance magungunan ƙwari na ƙasashen CILSS ya amince da shi, a cikin kwalbarsa ta asali mai rubutu. Tsofaffin magunguna irin su dieldrin da aldrin da chlordane, yarjejeniyar Stockholm ta 2001 ta hana su saboda daɗewarsu a ƙasa da jikin mutum. Wanda aka ɗura a kwalbar lemo a kasuwa ba a san ko mene ne ba, a bar shi. Ƙwayar nan da ake sa wa buhun wake kuwa, iskarta tana kashe mutum a ɗaki rufaffe, kada a kusantar da ita ɗakin kwana. In akwai rijiya a gidan ko a maƙwabta, a faɗa wa mai aikin tun farko, domin gurɓata ruwan maƙwabci cuta ce da Shari'a ta hana.

Littattafai da Alƙur'ani da takardun gidan kansu, a sa su a akwatin ƙarfe ko a kan kanta nesa da bango. A bar gindin bango a fili yadda ido zai gan shi, a kuma sake zagayawa da fitila da sanda sau biyu a shekara: bayan ruwan farko lokacin fitar shinge, da kuma bayan ɗaukewar damina.

Allah ne Mafi sani.